Labarin Gotawa da Rumawa

Idan aka tambayi ɗalibi wa ya rushe daular Rum ta yamma, yawanci zai ce waɗansu kabilun jeji ne suka kwararo daga arewa suka cinye ta, kuma sunan da ya kan fara zo masa baki shi ne Gotawa. Amsar nan tana da gaskiya a ciki, amma ta bar rabin magana a baya. Tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban yara gobe mu karantar da su wannan, ya kamata mu bi labarin daki daki, mu ga yadda mutanen da suka zo bakin ƙofa suna roƙon mafaka suka koma abokan gāba, mu kuma ga wanda ya jawo haka.

Gotawa dangin Jamusawa ne wajen harshe. Wani marubuci mai suna Yordanis, wanda shi ma jininsu ne, ya rubuta tarihinsu wajen shekara ta 551 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ce kakanninsu daga wani tsibiri can arewa suka fito cikin jirage. Abin da ya tabbata dai shi ne, cikin ƙarni na uku suna zaune arewa da Baƙin Teku da kogin Danub, suna noma da kiwo. Kogin nan shi ne iyakar Rumawa. Su kan haye shi su kai hari, har cikin shekara ta 251 suka kashe Sarkin Rum Desiyus a fagen yaƙi. Cikin 332 Sarki Kustantin ya ci su, aka yi amana. Daga nan suka shiga ciniki da Rumawa, samarinsu kuwa da yawa suka shiga sojan Rum.

A wannan zamani ne aka yi wani malaminsu na addinin Kirista mai suna Ulfilas. Da ya ga mutanensa ba su da rubutun da zai ɗauki littafi, sai ya tsara musu haruffa, yawancinsu aro daga na Yunanawa, ya juya musu Linjila da sauran littattafansu cikin harshensu. Akwai wani kofi na aikinsa da aka rubuta daga baya da tawadar azurfa bisa jar fata, yana nan ajiye a garin Ufsala na ƙasar Suwidin. Sai dai tafarkin da ya koya musu ya saɓa wa wanda malaman Rum suka tsaya a kai daga baya game da matsayin Almasihu, saɓanin nan kuwa ya daɗe yana raba su da maƙwabtansu.

To, wajen shekara ta 375 sai waɗansu mahaya da a ke kira Hunawa suka ɓullo daga gabas, masu harbi da baka daga bisa doki. Suka watsa Gotawan da ke gabas, sauran suka ga ba zama. Cikin 376 wani babban rukuninsu, da shugabansu Firitigan, suka taru a gaɓar Danub da mata da yara da amalanke, suka aika wa Sarki Balens suna roƙo ya bar su su haye, ya ba su ƙasar noma, su kuwa su ba shi mayaƙa. Sarki yana Antakiya a lokacin, yana shirin yaƙi da Farisa. Fadawa suka ce masa ai wannan arziki ne ya zo har gida, ga soja a ɓagas, ga kuma zinariyar da larduna za su riƙa biya maimakon samarin da su ke bayarwa. Sai ya yarda.

Wani sojan Rum mai suna Amiyanus, wanda ya ga zamanin, shi ya bar mana labarin abin da ya biyo baya. Ya ce dare da rana a ke ta fito da su cikin jirage da kwalekwale da gungumen itace, ruwa ya ci waɗansu domin kogi ya cika, ma'aikatan da aka sa ƙidaya kuwa har suka gaji suka bari. Da suka haye aka tsare su wuri guda, abinci ya ƙare. Manyan Rum biyu da aka danƙa wa amanarsu, Lufisinus da Makisimus, maimakon su ciyad da su sai suka mai da yunwarsu kasuwa. Suka sa aka tara karnuka, a ba da kare guda a karɓi yaro guda a bauta, har da 'ya'yan manyan Gotawa. Ana gudun gara ke nan aka faɗa gidan zago.

Da Lufisinus ya ga sun fara gunaguni, sai ya kira shugabanninsu walima a garin Marsiyanofil. Suna cikin ci rigima ta tashi a bakin ƙofa tsakanin soja da Gotawan da aka hana shiga sayen abinci. Lufisinus ya sa aka kashe dogaran baƙinsa. Firitigan ya yi dabara, ya ce a sake shi ya je ya kwantad da hankalin mutanensa, yana fita ya hau doki. Tura ta kai bango. Suka karya rundunar Lufisinus, suka kwashe makamanta, bayi da masu haƙar zinariya da haraji ya dama suka yi ta zuwa suna shiga cikinsu suna nuna musu hanya.

Sarki Balens ya taso da kansa cikin 378. Ɗan wansa Giratiyan, mai mulkin yamma, ya aiko masa ya dakata yana tafe da gudunmawa. Firitigan ma ya aiko wani malamin Kirista yana neman sulhu, in za a ba su ƙasar zama. Amma 'yan leƙen asiri sun gaya wa Sarki abokan gāba ba su fi mutum 10,000 ba, shi kuwa ba ya so a raba sunan nasara da yaro. Ran 9 ga Agusta ya fita daga Adiriyanofil, garin da a ke kira Edirne a ƙasar Turkiyya, ya tafi da runduna cikin tsananin rana, ba ci ba sha. Gotawa suka cinna wa ciyawa wuta, hayaƙi ya turnuƙe. An fara gwabzawa ke nan sai ga baraden Gotawa da suka tafi kiwon dawaki sun komo, suka auka wa Rumawa ta gefe, suka matse dakaru har mutum ba ya iya zare takobi. Kashi biyu cikin uku na rundunar suka halaka, Sarki ma ko gawarsa ba a gani ba.

Wanda ya gaje shi, Tiyodosiyus, ya ga ba shi da ƙarfin fid da su. Cikin 382 ya yi amana da su, aka ba su ƙasa kudu da Danub, su zauna da shugabanninsu da al'adunsu, su riƙa taya Rum yaƙi. Suka cika alkawari. Cikin 394, da ya tafi yaƙar wani mai jayayya da shi kan sarauta, Gotawa ya sa gaba, suka mutu dubbai. Wani marubucin Rum har ya ce nasara biyu aka yi ran nan, an ci abokin gāba, an kuma rage Gotawa. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani saurayi, Alarik. Shekara na kewayowa Tiyodosiyus ya mutu, aka raba daula tsakanin 'ya'yansa biyu, Arkadiyus a gabas, Honoriyus a yamma, Gotawa kuwa suka ɗaga Alarik ya zama shugabansu.

Abin da Alarik ya yi shekara goma sha biyar yana nema bai wuce uku ba: ƙasar da mutanensa za su zauna, da hatsin shekara, da muƙamin sarkin yaƙi a ƙarƙashin Sarkin Rum. Mutum guda a yamma ya san yadda zai bi da shi, watau Istiliko, sarkin yaƙin Honoriyus. Cikin 408 mahassada suka sa aka kashe Istiliko, sa'an nan soja suka bi garuruwan Italiya suna karkashe mata da 'ya'yan baƙin da ke aikin soja a Rum. Mazajen suka gudu wurin Alarik. Ya zo ya yi wa birnin Rum zobe har yunwa ta shiga, mutanen gari suka fanshi kansu da zinariya laba 5,000, da azurfa laba 30,000, da rigunan alharini 4,000, da jajayen fatu 3,000, da masoro laba 3,000.

Duk da haka bai so shiga birnin ba. Ya rage buƙatarsa, ya ce ya bar muƙami da zinariya, a ba shi lardin Norikum na bakin iyaka da hatsi kaɗai. Honoriyus yana Rabenna, fadama ta kewaye shi, ba abin da ya taɓa shi, fadawansa kuwa sun rantse da kan Sarki ba za su yi sulhu ba. Da aka shirya ganawa ta ƙarshe, sai wani Bagote mai yi wa Rum aiki, Sarus, ya kai wa Alarik farmaki. Ran 24 ga Agusta 410 Gotawa suka shiga birnin Rum, wanda ya yi wajen shekara 800 baƙo bai ci shi ba. Kwana uku suna kwasar ganima. An kashe mutane, an ƙone gidaje, an kama bayi, har da ƙanwar Sarki. Amma Alarik ya hana a taɓa wanda ya fake a manyan majami'un Bitrus da Bulus. Bai daɗe ba ya mutu a kudancin Italiya, bai sami ƙasar da ya ke nema ba.

Abin da aka hana Alarik shi aka ba magadansa cikin 418, aka zaunad da su kudancin ƙasar da ta zama Faransa, babban birninsu Tuluz. Su ne a ke kira Gotawan Yamma. Cikin 451, da Atila Sarkin Hunawa ya kawo yaƙi, tare da Rumawa suka tsaya suka tare shi, sarkinsu ma nan ya faɗi. Wanda ya tuɓe Sarkin Rum na ƙarshe a yamma cikin 476 kuwa wani sarkin yaƙi ne na rundunar Italiya, Odowakar.

Gotawan Gabas sun daɗe ƙarƙashin Hunawa kafin su sami kansu. Sarkinsu Tiyodorik a Kustantiniyya ya tashi, gama an ba da shi jingina tun yana yaro, ya yi shekara goma can. Da yardar Sarkin Rum na gabas ya shiga Italiya cikin 489, ya kashe Odowakar da hannunsa wurin walima cikin 493, ya yi mulki har 526. Ya bar wa Rumawa shari'arsu da majalisar dattawansu, ya sa malamansu aikin rubutu da alƙalanci, ya gyara ganuwa da hanyoyin ruwa. Da aka ƙone majami'ar Yahudawa a Rabenna, ya tilasta wa mutanen gari su biya kuɗin sāke ta. Aibin da ba a manta masa ba shi ne kashe masanin nan Boyetiyus bisa zargin cin amana.

Bayan mutuwarsa Sarki Yustiniyan na Kustantiniyya ya aiko da yaƙi cikin 535 don ya karɓe Italiya. Aka yi kusan shekara ashirin ana yi, birnin Rum ya sāke hannu sau biyar, aka datse hanyoyin ruwansa, gonaki suka zama saura. Ɓarnar yaƙin nan ta fi ta Alarik nesa ba kusa ba, nan kuma mulkin Gotawan Gabas ya ƙare.

Na yamma sun fi daɗewa. Da Faransawan farko suka ci su cikin 507 suka koma ƙasar Sifen, suka mai da Toledo babban birni. Cikin 589 suka bi tafarkin addinin talakawansu, cikin 654 kuma suka tsara shari'a guda wadda ta hau kan Bagote da Barume duka. Jayayyar gadon sarauta ce ta raunana su, har cikin 711, watau shekara ta 92 ta Hijira, Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetaro daga Magrib ya karya sarkinsu Rodarik, ƙasar ta zama Andalus. Larabawa na kiransu Ƙuɗ. Wani malamin tarihi da nahawu na Andalus, wanda ya rasu cikin 977, an san shi da Ibnul Ƙuɗiyya, watau ɗan Bagota, domin jikar wani sarkin Gotawa ce kakarsa ta nesa.

In muka haɗa labarin duka, za mu ga Gotawa sun zub da jini, sun washe birane, ba mai wanke su daga wannan. Amma sau uku Rum ta sami damar mai da su nata da araha: a gaɓar Danub, da daren Adiriyanofil, da ƙofar Rabenna. Na fari kwaɗayin ma'aikata ya ɓata, na biyu son suna, na uku taurin kan fadawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da suka sami mulki kuwa, shari'ar Rum da harshenta suka riƙe, har nasu harshen ya ɓace, sai ɗan abin da ya rage cikin littafin Ulfilas. Sabo da haka duk mai ba da labarin faɗuwar Rum ta yamma, in ya ambaci Alarik, ya cancanta ya ambaci Lufisinus da karnukansa. Allah ya kiyashe mu da cin amanar baƙo, amin.