Suleja: Tarihi Na Nan, Ciniki Na Abuja

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san Dutsen Zuma, wanda ke tsaye a kusa da Madalla cikin ƙasar Suleja. Sau da yawa baƙi kan tsayar da mota a gefen titi, su ɗauki hoto, su wuce. Kuɗin kwanansu da na abincinsu da na tsarabarsu kuwa a Abuja suke ƙarewa. Wannan ita ce babbar matsalar da ke gaban Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Jihar Neja: yadda za a mai da tsayuwar 'yan mintoci ta zama wuni, ko ma kwana.

Idan za a iya tunawa, garin da ake kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ya rasu a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kuma kafa garin a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sai masarautar ta ba da wani yanki na ƙasarta, ta kuma bar wa sabon birnin sunanta. Daga nan aka laƙaba wa tsohon garin sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Har yau ana kiran mai sarautar Sarkin Zazzau Suleja, kuma fadar na riƙe da sarautun gargajiya irin na Zazzau kafin jihadi.

Ƙarin wani abin lura shi ne yadda hatta dutsen ya so ya bi sunan. Takardar naira 100 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a Disamba 1999 tana ɗauke da hoton Dutsen Zuma, amma a bugun farko an rubuta Abuja a jikin sunansa, sai daga baya aka cire. Darasin da ke ciki a fili yake: haja ba ta sayar da kanta da sunan mai ita sai ya tsaya a kanta.

Haja ta biyu ita ce cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa a garin a farkon shekarun 1950. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Duk da wannan suna, cibiyar ta yi shekaru tana fama da rashin kulawa. A ɗaya ɓangaren kuma, wuraren ginin tukwane na Bwari da Maraban Jos, waɗanda magajin Cardew, Michael O'Brien, ya taimaka wajen kafawa, sun nuna cewa akwai masu sayen irin wannan tangaran. Ke nan kasuwa tana nan, reshe ne kawai ya fi uwar gida cin moriyarta.

Bayan waɗannan akwai Mayanka, magangarar ruwa da ke cikin Suleja, wadda sunanta ke nuni da hukuncin kisa da ake zartarwa a wurin a zamanin da. Akwai kuma magangarar ruwa ta Gurara a kan hanyar Minna, mai tsayin kimanin mita 30, sai hawan Sallah na masarautar sau biyu a shekara.

To mene ne aikin hukuma a nan? Tun 1976 aka kafa hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa bisa Dokar Soja mai lamba 54. A 1992 Doka mai lamba 81 ta maye gurbinta da Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Nijeriya, ta kuma tanadi hukumomi a jihohi da kwamitoci a ƙananan hukumomi, waɗanda aikinsu shi ne gano wuraren da za su ja hankalin baƙi, da kiyaye su, da tallata su. A watan Yuli 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas cewa yi wa otal-otal rajista da ba su lasisi hurumin jihohi ne. Tun daga lokacin wuƙa da nama na hannun jiha, haka ma alhakin.

A mahangar tattalin arziki, dalilin kafa irin wannan hukuma shi ne akwai ayyukan da kowa ke amfana da su amma babu ɗan kasuwa guda da zai biya kuɗinsu. Mai otal ba zai gyara hanyar zuwa Mayanka don maƙwabcinsa ya samu baƙi ba. Mai tukwane ba zai buga taswirar gari ba. Gyaran hanya, da kafa allunan bayani, da horar da 'yan rakiya masu sanin tarihi, da ƙayyade kuɗin shiga tare da ba da rasit, duk suna wuyan hukuma. Kayan aikin ma akwai su, domin tun 1952 aka buga fassarar Ingilishi ta tarihin Abuja wanda Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta. Kiyaye kayan tarihi kuwa na buƙatar haɗin gwiwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da kuma fada.

Abin da bai dace da hukuma ba shi ne ta zama 'yar kasuwa da kanta. Katafaren ginin otal da aka fara a gindin Dutsen Zuma, ya yi shekaru masu yawa ba a kammala ba, ya isa ishara. An zuba jari a ɗakuna kafin a samar da dalilin da zai sa baƙo ya kwana. Ɗaki ba ya kawo baƙo. Abin kallo da kwanciyar hankali ne ke kawo shi.

Batun kwanciyar hankali ba ƙarami ba ne. Fashewar bam a ofishin hukumar zaɓe na Suleja a Afrilu 2011, da ta cocin Madalla a ranar Kirsimeti ta wannan shekarar, da sace-sacen mutane da aka yi fama da su a hanyar Kaduna daga baya, duk sun taɓa sunan yankin. Babu tallan da zai yi tasiri in ba a haɗa shi da tsaro ba.

Sai dai Suleja na da abin da wurare irin su Zungeru, tsohuwar hedkwatar Turawan mulki a jihar, ba su da shi, wato kusanci da masu saye. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata da jakadu da mahalarta taruka suka taru a wurin da bai kai tafiyar awa guda ba idan hanya babu cunkoso. Rangadin wuni ɗaya da zai tashi daga Zuma, ya bi ta fada da cibiyar tukwane, ya ƙare a Gurara, ba ya buƙatar jari mai yawa. Mai motar haya, da mai abinci, da mai tukwane, da mai masauki, kowa zai samu rabonsa.

Ga 'yan kasuwa, abin dubawa kafin a saki jari shi ne ko hukumar ta sauke nata nauyin: hanya, tsaro, jadawalin bukukuwa da aka sanar tun da wuri, da yarjejeniyar haya a rubuce wadda canjin gwamnati ba zai rusa ba. Idan waɗannan suka samu, garin da ya ba Abuja sunansa zai iya karɓo wani kaso na cinikinta.