Jirgin ƙasa ba ya kauce wa kowa

Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa ta Dambatta da Kazaure da Daura, ake jin wata magana a majalisu: wai idan direban jirgi ya hango amalanke ko saniya a kan dogo, ai zai kauce. Wasu kuma cewa suke noti ɗaya ko guntun waya ba sa hana jirgi tafiya. Wannan ganganci ya isa haka.

Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Kowace ƙafarsa tana da leɓe ta ciki da ke riƙe ta a jikin ƙarfen dogo, don haka inda ƙarfe ya nufa, nan jirgi zai bi. Direba gudu da birki kawai ke hannunsa, kuma jirgin kaya mai nauyi yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya.

To wa ke juya shi? Mararrabar dogo. A wurin da layi ya rabu biyu akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu tsini, waɗanda ake turawa su manne da wannan gefe ko wancan. A tsohon layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ma'aikaci ne ke jan sandar ƙarfen da ke tura su da hannu. A layukan zamani kuwa, inji ne a cikin akwatin ƙarfe a gefen dogo: daga ɗakin kula a aiko masa da umarni ta waya, ya tura ƙarafan, ya kulle su, sannan ya mayar da saƙo cewa sun zauna daidai. Sai saƙon ya isa za a ba jirgi koriyar fitila. Wanda ya yanke wayar nan don ya sayar wa 'yan gwangwan ya tsayar da jirgi da duk mutanen cikinsa.

Batun noti ya fi muni. A Potters Bar ta Ingila, ranar 10 ga Mayun 2002, notinan da ke riƙe ƙarafan mararraba sun kwance, ƙarafan suka motsa jirgi yana kai, taragon baya ya goce, mutum 7 suka mutu. Can rashin kulawar masu gyara ne, balle a ce da gangan aka kwance.

Yashi da ruwan damina ma kan kawo matsala, amma wannan aikin ma'aikata ne.

Na mutanen gari shi ne a hana yara ɗora duwatsu a kan dogo ko cusa su tsakanin ƙarafa. Kada a tsallaka ta kan mararraba, domin injin ba ya sanarwa kafin ya motsa, kuma idan ya datse ƙafa ba ya saki. A bi da shanun huɗa da amalanke ta mashigar da aka ware, ko da zagaye ne. Kada a ƙona kara ko a shanya gero kusa da akwatunan waya. Mai sayen ƙarfe kuma ya ƙi karɓar kayan dogo komai arharsu. Duk wanda ya ga ana kwance wani abu, ya gaggauta sanar da mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaro.