Manhajar Zana Hanya da Sunayen Ƙasa a Yankin Rumbu

A yau injiniyoyin ƙasashen renon Faransa, ciki har da Nijar, suna tsara hanyoyi da gadoji a kwamfuta, da manhajoji irin su AutoCAD Civil 3D da Covadis. Ma'aunan ƙasa ke fara tattara tsayi da gangaren kowane wuri. Daga waɗannan alƙaluma manhaja ke fitar da zane uku: bin hanya a shimfiɗe, hawanta da saukarta a tsawo, da yankanta a faɗi. Sannan ta lissafa ƙasar da za a haƙe da wadda za a cike.

Wurin da lissafin ya fi wuya shi ne mahaɗar hanya da ruwa. Girman kwalbati ya dogara da ambaliyar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya cikin shekara 10, kuma har yanzu ana amfani da tsarin da Rodier da Auvray suka fitar a 1965 domin ƙiyasta ta a ƙananan magudanai na Afirka ta Yamma. Amma a yanki irin na Rumbu, cikin gundumar Dakoro, inda kwarin Tarka ya ratsa, ƙasa kan bushe mafi yawan shekara, ruwan da ya taɓa bi ba ya barin shaida a hoton tauraron ɗan'adam koyaushe.

A nan harshe ke shigowa. Bahaushe ya bambanta gulbi da ƙorama, ya bambanta tabki da fadama, jigawa kuwa ya san ta da rairayi mai shan ruwa. Kowace kalma bayani ce game da yadda ruwa ke gudu, ko kwanciya, ko nutsewa. Taswira kan adana wasu, kamar sunan Gulbin Kaba, amma sau da yawa takan haɗe su ƙarƙashin alama guda. Haka nan burtali: manhaja ba ta san inda garke ke tsallakawa ba sai an shigar mata.

Saboda haka aikin ɗalibin kimiyyar harshe a fili yake: ya tattara sunayen wurare daga bakin manoma da makiyaya, ya fayyace ma'anoninsu, ya kuma samar da kalmomin Hausa da injiniya zai bayyana zanensa da su a gaban jama'ar gari. Idan aka rasa wannan, kwalbati na iya fitowa daidai a lissafi, amma a gina shi nesa da inda ruwa ke bi.