Wanzami, Mai Rubutu a Fuska

Ranar suna, tun rana ba ta yi zafi ba, ake jin sallamar wanzami a ƙofar gida. A Guci ta Nijar da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Dungas har Magarya, suna ba ya cika sai da mutum biyu: limamin da zai raɗa suna, da wanzamin da zai yi askin jariri. Liman yana sa wa yaro sunan da kunne zai ji. Wanzami kuwa, a zamanin kakanninmu, shi ke sa masa wanda ido zai gani.

Jarinsa duka yana cikin zabira: askar aski, ƴar ƙaramar askar tsaga, ta kaciya, ƙahoni, ƙoshiyar cire belu, da ƙulle-ƙullen magani. Sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da riƙe wa ubansa zabira da wasa aska, sannan a sakar masa kawunan yara, kuma sai hannunsa ya nuna ake barinsa ya taɓa fuska. Kowane gida yana da wanzaminsa, wanda ya san wa ya haifi wa, yana da rabonsa a ragon suna, da kaka kuma a kai masa hatsi. A kansu duka akwai Sarkin Aska, mai raba gardama idan wani ya shiga gidan da ba nasa ba.

Tsaga iri uku ce, kowace da abin da take faɗa. Ta farko ita ce ta gado, mai nuna asali. Zuben Gobirawa yana tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne. Barebari suna da dogayen layuka masu sauka a kumatu. Akwai bille, guda ɗaya tal da ke karkata daga gefen hanci. Wanzami yakan tsaga, ya shafa baƙin tukunya don zanen ya zauna, shi ke nan har kabari. Ta biyu ta magani ce, ƴan ƙananan tsage a gefen ido ko a ciki saboda ciwon da ya addabi yaro. A nan ne ake samun wadda ta fi taɓa zuciya, tsagar ɗan wabi. Uwar da ƴaƴanta ke mutuwa takan sa a yi wa jaririn askar da ba ta gidansu ba, a kira shi Ajuji ko Ayashe, wai ko mutuwa ta zo ta kasa gane shi. Wanda ya iya karatun fuska, da ya ga wannan ya san hawayen da aka zubar kafin a samu yaron. Ta uku ta ado ce, irin kalangu da ƴar baka da ƴanmata ke zuwa nema da kansu, su cije su daure. Mai askar kuwa, in ji masu karin magana, wanzami ba ya son jarfa.

Wannan yanki ya buƙaci irin wannan rubutu fiye da wurare da yawa. Ƙasar Sosebaki ta Dungas da Waca, da Magarya ta Daurawa, suna tsakanin Damagaram da Kano da Haɗeja, kuma a ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun na Damagaram wanda ya rasu a 1884 da magadansa, hari da kamun bayi ba su yanke ba. Yaron da aka sace yana iya manta sunan garinsu, har harshensa ya juye, amma fuskarsa tana nan tana ba da shaida. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, daga baya aka ja iyakar Nijar da Najeriya aka raba dangi gida biyu. Duk da haka, a kasuwar Maigatari, tsoho yakan dubi kuncin baƙo ya san daga inda ya fito kafin a gama gaisuwa. Bafillace ya hango askar Babarbare, sai tsokana ta tashi, ciniki ya yi sauƙi. Wannan wasan barkwanci na Nijar ne UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma sau da yawa fuska ce ke buɗe ƙofarsa.

Yau askar tsaga ta kusa yin tsatsa, kuma akwai dalili. Ma'aikatan lafiya sun nuna yadda aska ɗaya ke ɗaukar cuta daga jini zuwa jini. Malamai sun yi wa'azi a kan canja halittar Allah. A Najeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane a jiki. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa sun karɓi aikin shaida. Wanzamai da yawa sun koma reza sabuwa ga kowane mutum, sun riƙe aski da ƙaho da kaciya.

Ba na kukan a dawo da tsagar jarirai. Lafiyar yaro ta fi komai. Abin da ke damuna shi ne masu karatun suna ƙarewa. Zane ba ya magana sai da wanda ya san harshensa, kuma jikokinmu sun fara duban fuskar kakarsu suna ganin tabo kawai. Tsofaffin wanzaman Guci da Dungas suna nan da ransu, sun san sunan kowace aska da gidan da ke da ita. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Damagaram da gidajen rediyon karkara su je su zauna a gabansu, su zana, su rubuta, tun ana iya samun mai cewa wannan ta gidan wane ce.