Na'urori Masu Aiki Ba Batir

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a yi bayani a kan wasu ƙananan na'urori masu aika saƙo ba tare da batir ba. Mai karatu zai ce, to da me suke aiki? Kala suke yi, kamar yadda ake bin gona bayan an cire gyaɗa. Watau suna tsintar ɗan ƙarfin da ke warwatse kewaye da su, ko na haske, ko ɗumi, ko girgiza, ko kuwa igiyar rediyo.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Cikin 1945 wasu yara na Tarayyar Sobiyat suka ba jakadan Amurka a Mosko, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako. Ashe a ciki akwai na'urar satar ji wadda Leon Theremin ya ƙera. Ba ta motsi sai an harbo mata igiyar rediyo daga waje, sa'an nan ta mayar da igiyar ɗauke da muryoyin mutanen ɗakin. Da an daina harbowa sai ta yi tsit kamar katakon da take ciki, shi ya sa ba a gano ta ba sai 1952.

Dangin wannan dabara ce ke cikin fasfon zamani, irin wanda Nijeriya ta fara bayarwa a 2007. Akwai 'yar na'ura da siririyar waya a nannaɗe cikinsa. Injin ma'aikacin shige-da-fice ne ke ba ta ƙarfi, ita kuwa ta miƙa masa suna da hoto. Haka kuma kamfanin EnOcean na Jamus yana ƙera makunnin fitila wanda dannawar yatsa kaɗai ta ishe shi aika saƙo. A 2017 ma masana a Jami'ar Washington sun gwada tarho marar batir.

Amfanin a fili yake ga duk wanda ya tuna wahalar bin dubban na'urori ana canja musu batir, balle dattin matattun baturan. Amma a ganina babbar matsala ita ce rashin tabbas, domin abin da aka kalato ba ya ɗorewa. Na'ura na cikin lissafi sai girgije ya rufe rana, ta mutu, ta mance inda ta tsaya. Saboda haka dole a koya mata ajiye aikinta kaɗan-kaɗan a ma'adanar da ba ta gogewa, don in ƙarfi ya dawo ta ɗora daga nan.