Dodon Koɗi Mai Rai Ba Man Shafawa Ba Ne

Abin ya ishe ni. Kana buɗe TikTok sai ka ga budurwa kwance rigingine, an ɗora mata ƙaton dodon koɗi a kunci yana jan ciki, wai yauƙinsa na goge tabo da ƙuraje.

Cikin manyan nan akwai wanda masana ke kira Lissachatina fulica, ɗan gaɓar tekun gabashin Afirka, wajen Kenya da Tanzaniya. A tudu yake zaune, ba ya shiga ruwa. Katantanwarsa doguwa ce mai tsini, ruwan ƙasa da ratsin fari-fari, wani ma tsawonsa kan kai santimita 20. Laima yake so: ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, gindin ayaba, juji. Da rana ya ɓuya, da dare ya fito kiwo. In rani ya tsananta sai ya toshe bakin katantanwarsa ya kwanta har ruwa ya sauka.

Masu ɗora shi a fuska cewa suke ai ganye kawai yake ci, don haka tsaftatacce ne. Wa ya faɗa muku? A jujin da yake kwana ɓera ma ke yawo, kuma kashin ɓera na cikin abincinsa. Ta nan yake kwasar 'ya'yan wata tsutsa mai zama a huhun ɓera, Angiostrongylus cantonensis. In suka shiga cikin mutum ta baki, ƙwaƙwalwa suke nufa, su haddasa wani nau'in sanƙarau. Mafi yawansu a naman dodon koɗin suke, amma sukan fito cikin yauƙi ma. To tsakanin kunci da leɓe nisan nawa ne? Man yauƙin dodon koɗi da kamfanoni ke sayarwa, tace yauƙin ake yi a sarrafa shi, ba daga bayan gida ake tsinto shi a manna a fuska ba.

Mai cin namansa ya dafa shi ya dahu sosai. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai baki ko ido. Latas da kabeji a ware ganye ɗaya-ɗaya a wanke, musamman in an ga sawun yauƙi mai ƙyalli. A hana yara wasa da shi. Wanda ya gaji da kiwonsa kuma kada ya sake shi a lambu: guda uku wani yaro ya kai Mayami ta Amurka a 1966, aka sake su, sai da aka kwashe kusan shekara 10 ana fama kafin a kawar da zuriyarsu.

'Yar'uwa, in ƙuraje sun dame ki, ki je wurin likitan fata.