Na wanke tafkin Kawu fes, kifi uku suka mutu

Da Kawu zai tafi jinya Ankara, bai bar min amanar kuɗi ba. Kifi ya bar min. Guda bakwai, masu ja da fari da ruwan gwal, a wani ɗan tafkin siminti da ke bayan gidansa nan Kumasi. Koi ake kiran su. Manoman yankin Nigata na ƙasar Japan ne suka fara kiwon su don ado a ƙarni na 19, sauran Japanawa ba su san su sosai ba sai bayan baje kolin Tokiyo na 1914. Wanda ya samu kulawa yakan wuce shekara 25 a duniya. Na Kawu suna da tara.

Ranar Asabar ta farko na leƙa, na ga gansakuka ta rufe bango, soson matatar ruwa ya yi baƙi ƙirin. Na ce ina, wannan ƙazanta ba da ni ba. Na kwashe kifin a robar wanka, na zubar da ruwan duka, na goge bango da buroshi, na wanke soso a famfo, na cika tafki da sabon ruwa. Har hoto na ɗauka.

Kafin Laraba uku sun taso ciki sama.

Abin kunyar, ni malamin kimiyya ne, wannan darasi na karanta shi tun a kwalejin horon malamai. Kifi na fitar da amoniya ta numfashi da kashi, ita kuwa guba ce gare shi. Masu cinye ta wasu bakteriya ne da ke zaune a jikin soso da bangon tafki: su mayar da ita nitirayit, sannan nitiret mai sauƙin illa. Wato abin da na kira datti, shi ke riƙe da ran kifin. Kulorin ɗin ruwan famfo ya kashe su, ya kuma ƙona kifin. Kafin su dawo yadda suke, sai an yi mako huɗu zuwa shida.

Yanzu kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan kawai nake canjawa a mako. Sabon ruwa sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin. Soso kuwa a bokitin ruwan tafkin nake matse shi, sama-sama, sauran ruwan na zuba wa ayaba. Ganyen mangwaro ana tsame shi kullum tun bai ruɓe ba. Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyar. Yaran gida ne matsala a nan, kowa so yake ya watsa musu burodi.

Ɗauke wuta ne abin da ya fi hana ni barci. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma gab da asuba take fin ƙaranci. Idan famfon tafki ya tsaya ka ga kifi a sama suna buɗe baki, ɗauki bokiti ka riƙa ɗiban ruwan kana kwararo shi daga sama. Sau biyu na yi haka da fitilar waya a baki.

Da Kawu ya dawo, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Na ce, "Kawu, a gafarce ni, wanke shi na yi."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, "Mai jan kan nan fa, har da ita?"

Har da ita.